Ciwon kai ne alamar hawan jini?

Tambaya: Likita, shekarata 46, an ɗora ni a kan maganin hawan jini. Duk ranar da kaina ya sara, idan na auna sai in ga 150/95. Da kan ya lafa nakan ajiye maganin. Ciwon kan ne ke nuna jinin ya hau?

Amsa: Malama, ki koma kan maganinki kullum. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu. Mutum zai iya yawo da 160/100 shekara da shekaru kansa garau, alhali ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna cin wuya. Sau da yawa ma ciwon ne ke ɗaga awon, domin zafi da fargaba suna sa zuciya bugawa da ƙarfi. Awon da aka yi kai na sarawa ba abin dogaro ba ne.

Ki auna kina cikin natsuwa. Zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, damtse daidai saitin zuciya, kuma kada ki sha kofi minti 30 kafin nan. Awo biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana 7, ki rubuta ki kai wa likitanki. A gida, matsakaicin da ya kai 135/85 ya yi sama. Madaurin na'urar awo da ya yi wa damtse kaɗan yana ƙara lamba ta ƙarya.

Ki duba abin da kike sha wa kan. Ibuprofen da diclofenac suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su ɗaga jini, su rage wa maganinki ƙarfi. Farasitamol ya fi dacewa, amma shan sa kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da ciwon kai. Amlodipine kuma, ɗaya daga cikin magungunan hawan jini, kan sa kai ciwo a makonnin farko. A faɗa wa likita, kada a daina kai tsaye.

Inda jini ke sa kai ciwo da gaske shi ne idan ya kai 180/120 ko ya haura. In hakan ya zo da gani dishi-dishi, amai, ruɗewa, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a tafi asibiti nan take. Kada a ninka ƙwaya a gida: faɗuwar jini farat ɗaya na iya rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa. Mai cikin da ya wuce mako 20 kuwa, 140/90 da ciwon kai ya isa a garzaya da ita, saboda haɗarin jijjiga.