Aikin lambu a ƙarshen damina

Ɗan'uwa ka tambaya wane aiki za ka riƙa yi a lambunka na bayan gida yanzu da damina ta kusa ƙarewa, to ni dai a nan Jos abin da na fi sa wa ido a watan Agusta shi ne ruwa, don in ya kwanta a gindin tumatir ko dankalin turawa wallahi kwana kaɗan za ka ga ganye ya yi baƙi-baƙi kamar an babbake shi, ga sanyin garin nan yana ƙara wa cutar ƙarfi. Kullum da safe ɗauki fartanya ka buɗe hanyar ruwa, ka ja ƙasa ka ɗaga kunya, ganyen da ya kamu ka tsinke ka kai shi nesa, kar ka zuba cikin taki.

Ciyawa kam sai haƙuri, cire ta tun kafin ta yi iri.

Kabeji kuma leƙa ƙarƙashin ganye, nan tsutsa ke ɓuya, ni da hannu nake tsince su. Satumba na shigowa fara renon irin rani, amma kashin kajin ya ruɓe sosai tukuna, ɗanye ƙona shuka yake.