Filin Tambaya da Amsa: Wai za a daina jan wayar wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni mai gyaran waya ne a Kano, wani abokina ya ce wai akwai wani ƙarfe suparkondakta da za a riƙa aika wuta da shi gida-gida ba waya ba fal, kamar dai cajar nan ta faifai da ake ɗora waya a kai. Da gaske ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Abokin naka bai yi ƙarya ba amma fa ya ƙara gishiri.

Tunda kai mai gyara ne ka taɓa buɗe irin cajar nan, ai ka ga naɗin jan ƙarfe a ciki, wani kuma a bayan wayar. Na ƙasan yana haifar da ƙarfin maganaɗisu, na saman ya kama ya mayar da shi wuta, kuma ɗumin nan da kake ji a hannu in ka ɗauki wayar to wuta ce ta tafi a banza. Shi suparkondakta wuta na bin sa ne ba turjiya ko kaɗan, shi ya sa masu bincike ke gwada yin naɗin da shi.

Matsalar sanyi ce. A 1911 da masanin kimiyya Kamerlingh Onnes ya gano abin a Leiden ta ƙasar Holan, sai da ya sanyaya zaiba ta kai kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Wani suparkondaktan da aka samo a 1987, mai suna YBCO, ya fi sauƙi, duk da haka sai an tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili, kuma injin sanyayawar shi ma wuta yake sha, mu da firiza ma ke gagarar mu in an ɗauke wuta kwana biyu. Wani abin da ba a cika faɗa ba, rashin turjiyar nan a wuta irin ta batir ce mai tafiya gefe ɗaya, ita kuwa caja marar waya da wuta mai kai da komo take aiki, nan ko suparkondakta sai ya yi asara.

Sai nisa. A 2007 masana a jami'ar MIT ta Amurka sun kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga mita 2 da naɗin jan ƙarfe, kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ne ya isa. Mita biyu fa, ba daga Shiroro zuwa Kano ba.

In kana son ganin suparkondakta a bakin aiki yau, yana cikin injin MRI na asibiti, mai ɗaukar hoton cikin jiki.