Tambaya da Amsa: Da gaske ne haske na kashe kansar huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mahaifinmu yana da ciwon daji a huhu. Na ga wani bidiyo a WhatsApp wai ana kashe shi da haske ba tare da tiyata ba. Gaskiya ne? Ko shanya ƙirji a rana zai taimaka? Daga mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Maganin gaskiya ne, Japan ta amince da shi a 1994, Amurka a 1998. Amma ba hasken rana ba ne, kuma ba kowane mara lafiya yake yi wa amfani ba.

Ana fara yin allurar wani magani mai suna Photofrin ta jijiya, miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin mutum. Maganin yakan bi jiki duka, sai dai ya fi daɗewa a cikin ƙarin, wato kumburin ciwon dajin. Bayan awa 40 zuwa 50, likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki har mashigar iska, ya haska jan hasken lesa a kan ƙarin. Da hasken ya taɓa maganin, sai ya juya iskar oksijin da ke wurin ta zama guba ga ƙwayoyin ciwon, ƙananan jijiyoyin da ke shayar da su kuma su toshe. Bayan kwana 2 ko 3 dole a sake shiga a kwashe mataccen nama da majina, don idan aka bari suna iya toshe numfashi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, hasken ba ya nutsewa cikin nama fiye da santimita 1. Saboda haka yana aiki ne a kan ƙaramin ƙari da aka gano da wuri a bangon mashigar iska, ko don buɗe hanya idan ƙari ya tare ta. Wanda ya bazu zuwa hanta ko ƙashi ya fi ƙarfinsa. Ba a yin sa kuma idan ƙarin ya ci babbar jijiyar jini, gudun ɓallewar jini.

Rana kuwa, ɗan'uwa, ita ce abin tsoro ga wanda aka yi wa allurar, balle irin tamu ta watan Afrilu. Kwana 30 aƙalla, wasu har 90, fata da ido ba sa jure haske; ƴan mintoci a tsakar gida sun isa fata ta yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi. Man kare rana ba ya tsare komai a nan. Sai riga mai dogon hannu, malafa, safar hannu da baƙin tabarau, a sa labule a taga. Kada kuma a kulle shi a duhu, hasken ɗaki mai laushi yana taimaka wa maganin ya ƙare. Bayan wata guda a gwada bayan hannu a rana minti 10, a jira awa 24; in ya yi ja ko ya kumbura, a ƙara sati 2.

Cibiyoyi ƙalilan ne ke wannan aiki, kada jiransa ya ci muku lokaci. Ku koma Babban Asibitin Zinder da hotunan ƙirjin Baba, ku tambayi likita: an ɗauki tsokar ƙarin an auna? An binciki majina don tarin fuka? Wane mataki ciwon ya kai? Da amsoshin nan za a san ko za a tura ku cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai.