Furodusa na son mayar da littafina fim, in ba shi ko in hana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Zariya, na yi wani littafi kan zaman kishi ina sakinsa kaɗan kaɗan a WhatsApp har ya ƙare, mutane sun so shi sosai. Shine wani furodusa ya kira ni wai zai mayar da shi fim mai dogon zango a YouTube, zai ba ni ɗan kuɗin goro kuma ya sa sunana a farko. Maigidana ya ce in karɓa kawai ai albarka ce, ƙawata kuma ta ce wallahi lalata min labari za su yi. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Maigida da ƙawar taki kowa da gaskiyarsa, amma akwai abin da duk su biyun ba su taɓo ba, wato me za ki ba mutumin nan takamaimai, kuma na tsawon wane lokaci.

Da farko dai ki cire tsoro, wannan hanya tsohuwa ce an daɗe ana binta. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, to kinga sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim ɗin ya ɓace wa mutane shekara da shekaru har aka tono shi aka gyara aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018. Labari ɗaya ya shiga takarda, ya hau dandamali, ya shiga majigi, ya kuma tsallaka teku bayan mai shi ya rasu da sama da shekara 50. Ita kanta Kannywood marubuta na cikin waɗanda suka raine ta, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990 ai marubutan Kano ne suka riƙa ɗaukar littattafansu da hannunsu suna kaiwa gaban kyamara, Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi haka da In Da So Da Ƙauna a 1994. Kuma ki lura da wannan, shi da kansa ya tsaya a kan aikinsa, ba miƙawa ya yi ya koma gida yana jiran waya ba.

Toh batun lalata labari. Gaskiya sai an canja, ki sa wannan a ranki tun yanzu kar ranki ya ɓaci daga baya. Ke a littafi kina iya cinye shafi biyar uwargida na kwance tana saƙa da warwara a zuciyarta, mai karatu na biye da ke har da hawaye, amma kyamara ba ta ganin zuciya, dole mai rubuta sikirif, wato labarin da aka tsara don ɗaukar fim, ya nemo abin da ido zai gani, ko ta ajiye kwanon tuwo da ƙarfi, ko ta ƙi amsa gaisuwar amarya, ko a ƙirƙiro mata wata ƙawa da babu ita a littafin don kawai ta samu wadda za ta faɗa wa damuwarta. Sannan ga kuɗi, ke kin rubuta an tafi Dubai an dawo a layi biyu ba ki kashe ko sisi ba, shi furodusa kowane lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, kuɗi ne, sai kiga Dubai ta koma wani falo a Nasarawa GRA. Sannan ga hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa tun 2001, akwai abin da ke wucewa a rubutun WhatsApp wanda ba zai taɓa wucewa a gabanta ba, kin dai san irin shafukan da nake nufi. Duk wannan ba lalatawa ba ne. Lalatawa ita ce a juya miki ma'anar labarin, ke kin rubuta don a tausaya wa uwargida su kuma su mayar da ita muguwa saboda jarumar da ta fito a amarya ta fi tashe, ko labarin da ya ƙare a kashi 20 a ja shi zuwa 70 don ana kallo. Wannan kam yana faruwa, kuma takarda ce kawai ke hana shi.

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, littafinki naki ne tun ranar da kika rubuta shi, ko a waya ne, ba sai kin yi rajista ba, duk da yin rajistar a hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa na taimakawa ranar da rigima ta tashi. Ikon mayar da shi fim ko wasan kwaikwayo ko fassara duk a hannunki yake, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ma'ana gadon 'ya'yanki ne da jikoki. Dokar ta ce sayar da haƙƙi ko ba mutum ɗaya izinin da ba a ba kowa ba sai a rubuce. Shi kuma fim ɗin in an gama, na wanda ya ɗauki nauyin yinsa ne sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, don haka kar ki zata tunda labarinki ne kina da kaso a kuɗin YouTube kai tsaye, babu, sai in an rubuta.

Shawarata kar ki sayar, izini za ki bayar. Bambancin kamar sayar da gona ne da bayar da ita haya. A rubuta cewa izinin fim ne kaɗai, na shekara kaza, in bai fara ɗauka ba cikin wata kaza izinin ya dawo hannunki, don akwai masu karɓar labari su ajiye a durowa su hana wani yi. A rubuta nawa ne a hannu, da kuma kason da za ki samu in ya sayar wa tashar talabijin ko ya yi zango na biyu. Kalmar nan kuɗin goro ni ba ta kwanta min ba sam, goro ai kyauta ce, wanda ya ba ka kyauta kuwa ba ka bin sa bashi. Sunanki ya fito a kowane kashi tare da sunan littafin, ba a na farko kaɗai ba. Kuma a ba ki damar karanta sikirif kafin a fita aiki, ba don ki hana su yanke ko ƙari ba, don dai ki tsare ƙashin bayan labarin.

Ki riƙe sauran haƙƙoƙin gam, bugawa a takarda, karantawa da murya irin wadda ake sawa a YouTube da rediyo, dandamali, da fassara. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, an yi fim ɗinsa, amma sai a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassararsa ta Turanci, shekara 22 kenan, wa ya hango wannan a lokacin? Yanzu kuma ga bukukuwan baje kolin littattafai da fasaha irin waɗanda ake yi a Kaduna, inda marubuta da 'yan fim da masu zane ke haɗuwa a zaure ɗaya, a irin wajen ne ake cin karo da mai fassara ko mai shirya wasan dandamali, in kin riga kin sayar da komai a kan kuɗin goro me za ki ce musu.

Kafin ki sa hannu ki nemi lauya ya duba, ko shafi biyu ne, ki kuma je da maigida ko wani yayanki a matsayin shaida. Ki ajiye rubutunki na asali da ranakun da kika riƙa sakinsa a guruf ɗin WhatsApp, kar ki goge. Sannan ki ce wa furodusan ya turo miki finafinai biyu da ya taɓa yi ki kalla, ki tambaye shi wa ya rubuta su, ki nemi lambar marubutan ki ji daga bakinsu ko an cika musu kuɗinsu.