Amsa ga mai tambaya kan kulle fayil da kalmar sirri

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wanne ya fi dacewa da kulle fayil daga layin umarni, manhajar gpg ko ta openssl, kuma tambayar nan ta taso mini da wani baƙin ciki da har yau bai bar zuciyata ba.

A shekarar 2015 na kulle babi uku na kundin digirina da `openssl enc -aes-256-cbc`, na ajiye kwafin a filasha. Bayan shekara uku kwamfutar ta samu matsala, mai gyara ya goge komai ya ɗora sabon Ubuntu, alhali sau biyu ina gargaɗinsa kada ya taɓa abin da ke ciki, kuma da na yi masa magana ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma ya ce taimakona ya yi. Na koma gida da fatan filasha za ta cece ni, amma duk sanda na shigar da kalmar sirri sai allo ya nuna "bad decrypt". Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ina jarraba kalmomi, ina zargin ƙwaƙwalwata. Ashe kalmar daidai take: sabon Ubuntu ya zo da sabuwar sigar OpenSSL, kuma tun daga sigar 1.1.0, OpenSSL ya bar tsarin lissafi na MD5 ya koma na SHA-256 wajen samar da makulli daga kalmar sirri. Da na ƙara `-md md5` fayil ya buɗe, sai da na zubar da hawaye.

Don Allah ka riƙe gpg, domin shi yana adana bayanin yadda aka kulle a cikin fayil ɗin kansa. Ka rubuta `gpg --cipher-algo AES256 -c fayil`, ka buɗe da `gpg -d`. Asalin fayil ɗin yana nan a buɗe bayan kullewa, kuma kada ka goge shi sai ka gwada buɗe kwafin. Gwajin ma yana iya yaudararka, saboda gpg-agent, wato mataimakin gpg da ke aiki a bayan fage, na riƙe kalmar kimanin minti goma, don haka ka sa `--no-symkey-cache` domin gpg ya tambaye ka ita da gaske.

Idan openssl ya zame maka dole, ka ƙara `-pbkdf2` don ƙarfafa yadda ake samar da makulli daga kalmar sirri, ka kuma rubuta cikakken umarnin a takarda. Kada ka taɓa sa kalmar sirri a cikin umarnin, domin za ta zauna a `.bash_history`, fayil ɗin da ke adana umarnin da ka rubuta, inda mai gyara irin wancan zai iya karanta ta.