Na saya wa yara tablet, ashe hannun wasa ne

Tambaya: Malam, na ga wata na'ura wajen masu kayan hannu, an rubuta Wii U a jikinta, allo a tsakiya, maɓallai hagu da dama. Ta fi tablet araha, sai na saya wa yara don karatu da kallon katun. Na kunna, wani rubutu kawai take nunawa. Me zan danna? (Wani uba, Gwale)

Amsa: Ba abin da za ka danna, Alhaji, sai dai ka danne zuciyarka. Linzami ka saya, babu doki.

Sunan abin GamePad, hannun na'urar wasan bidiyo ta Wii U ne da kamfanin Nintendo ya fitar a 2012. Ba ya sarrafa wasa da kansa. Akwatin da ake jonawa da talabijin shi ke yin aikin, sannan ya turo hoton ta iska zuwa allon nan mai inci 6.2. Ko da akwatin ma, ka matsa kamar mita 8 ko bango ya shiga tsakani, hoto ya yanke. Daga falo zuwa zaure ma ya isa ya yanke. Akwatin kuma sai da wutar soket, da an ɗauke wuta hannun ya zama faranti. Batirin hannun awa 3 zuwa 5 ne, allon kuma yatsa ɗaya yake ji. Babu WhatsApp, babu Play Store. Tun 2017 aka daina ƙera shi, shagonsa na intanet ma an rufe a 2023.

Daɗinsa ɗaya, in akwai akwatin: yaro na wasa a hannu, Hajiya na kallon tasharta, ba rigima kan rimot.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, da waya a aljihunka, amma ba ka rubuta sunan abin a Google ba kafin ka zaro kuɗi. Minti ɗaya fa! Je ka kasuwar waya ta Farm Centre ka nemi tablet ɗin Android mai RAM 4GB, a kunna a gabanka. Ka sauke katun da daddare, da rana ka kashe data.

Tambaya: Cajar wayata za ta yi wa tablet? (Ɗaliba, Kabuga)

Amsa: In bakin ya shiga za ta yi, amma sai kin yi barci kin tashi.

Tambaya: Tablet ɗina ya cika nauyi. (Daga Hotoro)

Amsa: Goge bidiyon bikin da aka turo maka sau biyar.