Inda ake ɗora zarto a jikin reshe

Ɗana, tambayarka biyu ce. Ka ce me ya sa nake hana ka yanke reshe daf da gangar bishiya, alhali yankan da ya shafe sumul ya fi kyan gani, kuma me ya sa ba ma shafa fenti a wurin in mun gama. Amsarsu ɗaya ce.

Bishiya ba ta warkewa yadda jikin mutum yake warkewa. Abin da zarto ya ci ya tafi ke nan. Abin da take yi shi ne ta killace raunin daga ciki, ta toshe hanyoyin ruwan da ke kusa da shi don kada ruɓa ta bi su, sannan ta riƙa ɗora sabon itace daga gefe har bakin ya rufe. Alex Shigo, masani a hukumar gandun daji ta Amurka, ya tsaga dubban bishiyoyi a tsaye yana bin sawun ruɓa a cikinsu, kuma a 1977 aka wallafa bayaninsa kan wannan killacewa. Bayan aikinsa ne masu sana'ar nan suka fara barin yankan shafe.

Dubi gindin kowane reshe da kyau. Za ka ga ɗan kumburi ya zagaye shi inda ya haɗu da ganga, ya fi fitowa ta ƙasa. Wannan shi ne wuyan reshe. Ta sama kuma, a cikin gwafar, akwai tudun ɓawo mai kaushi da ya gangaro gefe biyu. Wuyan nan naman ganga ne, ba na reshe ba, kuma a nan bishiya ta fi ƙarfin tare ruɓa. In ka yanka shafe, ka cire shi, ka kuma buɗe rauni mai faɗi a jikin gangar kanta. Bayan shekaru sai ka tarar da kogo ya bi gangar sama da ƙasa, gara da ƙwari sun samu gida. In kuma tsoro ya sa ka bar dungu mai tsawo, shi ma ɓarna ce: dungun zai mutu, sabon itacen ba zai iya hawa kansa ya rufe ba, ruɓa kuma ta samu hanya har ciki. Wurin yanka siriri ne. Ka fara daga wajen tudun ɓawon ta sama, ka gangaro da zarto a ɗan karkace, ka fita ta wajen kumburin ba tare da ka taɓa shi ba. Wasu bishiyoyin wuyansu ba ya fitowa sosai. A nan sai ka dubi yadda tudun ɓawon ya karkata, ka yi yankanka ya karkata kishiyarsa. Reshen da ya daɗe da bushewa kuwa, wuyan yakan bi shi ya yi tsawo. Bar wuyan yadda yake, busasshen kawai za ka cire.

Duk reshen da ba za ka iya riƙe shi da hannu ɗaya ba, sau uku ake yanka shi. Na farko ta ƙasa, kamar santimita 30 zuwa 45 daga ganga, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa ka tsaya. Kada ka wuce haka, don nauyin reshen zai matse maka zarto. Na biyu ta sama, santimita 3 zuwa 5 gaba da na farkon, wato wajen ganye, ka ci gaba har reshen ya karye ya faɗi. Abin da ya rage guntu ne marar nauyi, shi za ka tallafa da hannu ka cire a bakin wuya da yanka na uku. Amfanin na ƙasan shi ne ya katse ɓawo. In babu shi, reshen zai karye tun zarto bai fita ba, ya ja ɓawon ganga ya ɗaye shi ƙasa, wani lokacin fiye da kamu guda. Irin wannan rauni ba shi da gyara. Gaggawa ce take sa mutum ya tsallake yankan farko, kuma bai kai minti ɗaya ba.

In kana so ka auna hannunka, koma kan yankan da ka yi bara. Wanda ya yi daidai za ka ga sabon itace ya zagaye shi kamar zobe, kaurinsa ɗaya ta ko'ina. In ya taso ta gefe biyu kawai, sama da ƙasa babu komai, ka ci wuyan. In ta ƙasa ne kaɗai babu, zarton ya shige ciki wajen fita, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa a hannun sabon shiga.

Fenti, kwalta, baƙin mai, babu wanda yake hana ruɓa. Rana tana fasa su, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta a ƙarƙashi, danshin da ruɓa take nema ke nan. Baƙin mai ma yana ƙona ɗanyen naman da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda shi ne zai yi rufin. Mai bishiya zai nemi ka shafa don ya ga kamar an yi magani. Yi masa bayani cikin ladabi, ka bar raunin ya sha iska. Inda ake shafa wani abu shi ne wuraren da wata cuta ta musamman ke yaɗuwa ta ƙwarin da ɗanyen rauni ke janyowa, kuma wannan keɓaɓɓen hali ne. Abin da ya fi fenti amfani shi ne ka goge bakin zarto da almakashi da sifirit mai ƙarfin kashi 70 in ka taɓa bishiya mai cuta, kafin ka matsa ga ta gaba.

Girman raunin ma abin dubawa ne. Na santimita 5 yakan rufe cikin 'yan shekaru, wanda ya haura santimita 10 kuwa a wasu bishiyoyin ruɓa tana riga rufin. Shi ya sa gyaran bishiya tun tana ƙarama ya fi komai. Rassa biyu da suka tashi kai ɗaya da matsattsiyar gwafa, ɓawo ya naɗe a tsakaninsu, wata rana iska za ta raba su. Cire ɗaya da almakashi tun yana kaurin yatsa.

Sai yawan abin da za a cire. Ganye ne ke haɗa wa bishiya abinci, don haka kada ka ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganyenta a aiki ɗaya, tsohuwa kuma ƙasa da haka sosai. Fara da busassu, da karyayyu, da masu cuta, da masu gugar juna, sannan ka sauko ka duba daga nesa. Sau da yawa aikin ya ƙare a nan. In rage tsawon reshe za ka yi, ka datse shi a inda wani ƙaramin reshe ya fito, wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wanda kake cirewa, don ya iya ɗaukar ruwan ya ci gaba. Abin da ba na so in gani a hannunka shi ne guntule kan bishiya gaba ɗaya. Za ta fitar da toho birjik, mai ita ya yi murna, amma tohon nan a fatar waje kawai yake manne, a kan dungu mai ruɓewa. Yana yin nauyi zai fara ɓallewa. Haka nan kada ka share cikin reshe tas ka bar tulin ganye a can ƙarshensa, nauyin ya koma baki, iska ta samu abin karyawa.

Kowane kauri da kayansa. Almakashin hannu har santimita 2, mai dogon hannu har 4 ko 5, daga nan zarton hannu, wanda a jawowa yake ci, don haka kada ka danna shi a turawa, zai lanƙwashe. Yawancin aikin da ke saman bishiya zarton hannu ya ishe shi, kuma yankansa ya fi tsabta.

Injin zarto sai in ya zama dole. Haɗin mansa a yawancin na yanzu 50 da 1 ne, wato mililita 100 na man haɗi a lita 5 ta fetur, amma duba abin da kamfanin ya rubuta. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa. In ka ga gari, tsaya ka wasa haƙoranta da magagari, a karkace kamar digiri 30, kowane haƙori adadi ɗaya, in ba haka ba yankan zai riƙa kaucewa gefe. Hannu biyu a kan inji kullum, kuma kada ka yanka sama da kafaɗarka. Saman hancin takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa, shi ne wurin haɗari: yana taɓa itace sai injin ya yi tsalle ya dawo fuskarka kafin ka ƙifta ido. In za ka matsa, buga birkin sarƙa.

A sama, kafin zarto ya taɓa itace, ka ɗauru a wuri biyu, igiyar hawa da gajeriyar igiyar ƙugu, kuma ka san inda kowacce ta bi. Ƙarafan hawa masu tsini na bishiyar da za a sare ne kaɗai, don kowane taku rami ne a jikin mai rai. Kada ka hau sai akwai wani a ƙasa da zai iya hawa ya sauko da kai. Kusa da wayar lantarki kuma, kada jikinka ko reshe ko sandarka su shiga mita 3, manyan layuka ma fiye da haka, sai masu wutar sun kashe ta sun tabbatar maka.

Reshe mai ɗauke da nauyi yana da gefen da ke miƙe da gefen da ke matse. A wanda ya miƙa gefe yana reto, sama ne a miƙe, ƙasa a matse. A wanda ya karye bakinsa ya dogara da ƙasa, abin ya juya. Ka fara ɗan shiga ta gefen da ke matse, ka ƙarasa ta gefen da ke miƙe, kuma kafin ka ƙarasa ka yi wa na ƙasa magana, ka jira ya amsa.